Malamin da ke cikin salula: nasiha ga ƴaƴanmu na Mallawa

Ya ku ƴaƴana da jikokina na Mallawa, da na Dungas, Dogo-Dogo, Guci da Magariya, da waɗanda cin rani ya kai Kano, Ikko, Agadas ko bayan hamada. Magana gare ni a kan wannan sabon abu da ya shigo cikin salularku, wanda ake hira da shi kamar mutum, na kuma ga wasunku sun fara mai da shi malamin Faransanci da Ingilishi. Cikin tsarana akwai masu cewa a hana yara, akwai kuma masu cewa babu ruwansu. Ni ƙarfina ya ƙare ne a gaban allon lakkol ina koyar da ƴaƴan mutane, na san abin da ke tsare Bahaushe daga harshen wani, shi ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Abin da ke tsare mu kunya ce. Kanmu yana ɗauka, kunnenmu yana ji, baki ne ba ya buɗuwa. Yaronmu zai yi shekara 6 a firamare, ya ƙara 4 a kwaleji, ya ci jarrabawar BEPC, ya iya rubuta shifta ba kuskure, ya iya jero sauye-sauyen fi'ili kamar yana karanta hadda. Amma ka tsai da shi gaban wani jami'i ka ce ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ka ga gumi ya keto masa, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ba laifinsa ba ne. Aji cike yake da yara, mushe, wato malamin aji, ɗaya ne, shi ke magana tun safe har a tashi. In ka lissafa lokacin da kowane yaro ya buɗe baki ya haɗa jimla da kansa a cikin mako guda, za ka tarar bai taka kara ya karya ba. In kuma ya yi ƙarfin hali ya gwada ya yi tuntuɓe, ƴan aji su kwashe da dariya, har a laƙa masa kuskuren ya zama sunansa a gari.

A zamaninmu abin ya fi haka tsanani. Akwai abin da ake kira sambol, wani ƙashi ko guntun itace da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka kama yana Hausa a harabar lakkol sai a rataya masa shi a wuya, shi kuma ya shiga farautar wanda zai miƙa wa, wanda aka tashi yana wuyansa ya sha horo. An yi nufin mu riƙa Faransanci ne, amma abin da yawancinmu muka koya shi ne kame baki. Har yau akwai tsarana da ke karanta takarda sarai, su fahimci komai a labarun Muryar Sahel, amma ba za su iya gaisawa da baƙo da Faransanci har su kai ga tambayar iyali ba. Na daɗe ina jin ciwon wannan abu.

Ga shi kuwa inda Allah ya ajiye mu ba wurin mai harshe ɗaya ba ne. Iyaka tana bayan gidanmu. Ranar Alhamis rabin garin nan yana kasuwar Maigatari, inda masu sayen shanu da awaki ke zuwa daga kudancin Najeriya, wasunsu ba su jin Hausa sai Ingilishi ko broka. Mai fita ta Magariya ya bi Tinkim ya faɗa Babura, daga nan sai Kano. Takardun mulki, tun daga na haihuwa har na gona, da Faransanci suke, kuma tun da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 ofisoshin sun matso kusa da mu. Samarinmu suna Libiya da Aljeriya suna fama da Larabcin titi. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011 ta kawo mana Sinawa. Sannan a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Na yi murna da darajar da aka ba harshenmu, murna mai yawa. Amma ku lura da rabi na biyu na maganar: a da harshe ɗaya ake nema a wurinku in za a ɗauke ku aiki, yanzu biyu aka jera.

Kada wani ya ce muku koyon harshe sai wanda ya yi dogon boko. Iyayenmu sun iya Barbarci da Fulatanci ba tare da sun taɓa ganin littafinsu ba. A bakin rijiya suka koya, da wurin cinikin nono, da zaman rumfar kasuwa. Akwai ma wani ɗan yankinmu da ya kamata kowane ɗalibi ya san labarinsa, wato Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi a hari aka kai shi Kukawa ta Barno. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Adolf Overweg ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya bi shi har Tumbuktu, a 1855 kuma suka sauka Ingila. A can ya zauna wurin wani malamin mishan, James Frederick Schön, ya koyi Ingilishi da karatu da rubutu, shi kuma Schön ya zauna yana sauraron bakin yaron yana rubutawa. Tarihin rayuwar Dorugu da tatsuniyoyin da ya bayar suna cikin littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Daga baya ya dawo ya yi aikin tafinta, ya rasu a Kano a 1912. Ku duba yadda abin ya kasance: yaron ƙauye da babban malamin Turawa, kowannensu ta hanyar hira ya sami harshen ɗan'uwansa. Abin da Dorugu ya samu, wanda ku kuka rasa, shi ne mai jin harshen da zai zauna da shi kullum, ya saurare shi, ya gyara masa ba tare da ya gaji ba.

To, wannan giɓin ne na'urar nan take cikewa, kuma don haka nake goyon bayan ku yi amfani da ita. Wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ne ya fitar da ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, bayansa Google ya kawo Gemini, Meta kuma ya sa nasa a cikin WhatsApp, wanda masu layin Najeriya suka fara gani a 2024. Ƴan jarida suna kiran fasahar ƙirƙirarriyar basira. Ba aljani ba ne, ba kuma wani mutum ne zaune a wata ƙasa yana amsa muku ba. Rubuce-rubucen mutane aka tara, littattafai da jaridu da hirarraki masu yawan da babu mai iya karance su, aka horar da kwamfuta a kansu har ta iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan ƴar'uwarta. Daga nan za ku gane ƙarfinta da rauninta gaba ɗaya. Faransanci da Ingilishi an rubuta su da yawa, don haka ta ƙware a kansu. Hausa kaɗan ce a intanet, shi ya sa wani lokaci Hausarta kan fito a karkace. Kuma tunda abin da ya yi kama da daidai take haɗawa, tana iya shirya maganar da ba ta da tushe ta faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa.

Amfaninta babba shi ne ba ta dariya. Ka faɗi jimla a karye sau goma, za ta saurara sau goma. Ba ta san ubanka ba, ba za ta kai labarinka fada ba. Duk wanda kunya ta ɗaure wa harshe shekara da shekaru, ga wurin da zai kwance shi.

Sai dai yawancinku ba ku amfani da ita yadda za ta amfane ku. Na ga yara suna rubuta mata Hausa ta juya musu zuwa Faransanci su kwafe su aika. Wannan fassara ce, Google ma yana yin ta da Hausa tun 2013, kuma babu wanda ya iya harshe ta wannan hanya. In koyo kake so, danna wurin murya ka yi magana da bakinka. Tun farko ka gaya mata matsayinka: a aji kaza na tsaya, noma da kiwo nake yi, ki yi mini magana a hankali da gajerun jimloli, ki bari in gama tukuna, sannan ki nuna mini manyan kurakuraina biyu ko uku. Kada ka yarda ta zubo maka gyara ashirin a lokaci guda, zuciyarka za ta mutu ka ajiye. Kada kuma ka bari ta fi ka magana. In ka ga ta kama dogon bayani, tsai da ita ka ce tambaya za ta riƙa yi maka kai kana amsawa, don bakinka ne ke buƙatar motsi.

Sannan ku yi hira a kan rayuwarku. Littattafan da muka karanta cike suke da dusar ƙanƙara da tashar jirgin ƙasa, abubuwan da yaron Mallawa bai taɓa gani ba. Yanzu kai ke zaɓen zancen. Ka ce ta zama ma'aikacin duwan, wato kwastan, a kan iyaka, kai kuma ka zo da buhunan wake. Ka ce ta zama likita, kai ka kawo ɗanka da zazzaɓi ya kwana uku yana amai, ka bayyana mata da Faransanci tun daga yadda ciwon ya fara. Ka ce ta zama mai sayen riɗi da ke son karya maka farashi, ko mai ɗaukar ma'aikata da ke yi maka tambayoyi. Ka roƙe ta ta koya maka lafazin girmamawa da ake yi wa babba, don ita da kanta takan yi wa kowa magana kamar tsaransa, kai kuwa ba za ka shiga ofishin magajin gari da irin wannan baki ba. Wuri ɗaya za ka riƙe ka yi ta maimaita shi har ya zauna, kafin ka wuce zuwa wani.

Lissafin kuɗi yana bukatar zama na musamman, don a nan ake cutar mutanenmu. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka dala ɗari a bakinmu 500 ce a bakin mai Faransanci. Ga kuma yadda Faransawa ke faɗin 70 da 80 da 90, wanda sai an yi tarawa da ninkawa a ka kafin a gane. Ga naira a ɗaya gefen da nata canjin. Ka sa na'urar ta riƙa jefo maka farashi da sauri kana maimaitawa kana juya shi zuwa dala, har ya zama ba sai ka tsaya tunani ba.

Akwai ɗan ƙanena da ke kai awaki Maigatari. Shekara da shekaru sai ya nemi wanda zai tsaya tsakaninsa da mai saye in ba Bahaushe ba ne, kuma bai taɓa sanin abin da aka faɗa a tsakani ba. Da rani ya shiga sai ya riƙa zama bayan sallar isha'i yana cinikin akuya da salularsa da Ingilishi, matarsa tana jin sa daga ɗaki. Duk jimlar da aka gyara masa sai ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu, da hannunsa, da safe yana tafiya yana nanata ta da ƙarfi. Bai zama Bature ba, har yanzu Ingilishinsa da ɗingishi yake tafiya. Amma yanzu yana jin tayin da aka yi da kunnensa, yana mayar da nasa da bakinsa. Rubutun nan na kaye kada ku raina shi, don abin da ya tsaya a fuskar waya yana wucewa da zarar an kashe ta. Kwata ɗaya na awa kowace rana ya fi dogon zama sau ɗaya a mako, ya kuma fi sauƙi ga mega da caji, waɗanda na san ba a banza kuke samun su ba.

Yanzu ku saurari inda take da rauni. Tana da yabon mutum fiye da kima. Kome ka faɗa sai ta ce madalla, ka yi ƙoƙari. Mai koyo yana bukatar ƙarfafawa, amma yabon da ba ya ƙarewa ruɗi ne, don haka ka ce mata ta gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Kunnenta kuma yana da yafiya da yawa. Mu Hausawa muna haɗa p da f, muna mai da v ta zama b, kuma akwai wasulan Faransanci da babu su a bakinmu. Sau da yawa na'urar takan gane abin da kake nufi daga sauran jimlar ta wuce, kai kuwa ka ɗauka lafazinka ya yi. Mutum ba zai yi maka wannan alfarma ba. Sannan Faransancinta na littafi ne, ba irin na tashar mota a Yamai ba. Ingilishinta ya fi karkata ga na Amurka, alhali wanda za ka haɗu da shi a Ikko dabam ne. Larabcinta na fusaha ya fi ƙarfi, mai aikin gini a Sabha ta Libiya kuwa wani Larabcin zai ji a bakin ubangidansa. Ka iya roƙon ta ta kwaikwayi na wurin da za ka, takan gwada, amma ka tabbatar a wurin wanda ya zauna can.

Akwai abubuwan da ba a miƙa mata. Lambar katin ɗan ƙasa, lambar sirrin asusun kuɗi, hoton matarka ko na ƴarka, rigimar cikin gida da sunayen mutane, duk ku riƙe su, don abin da ka faɗa yana tafiya ne zuwa kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa. Ku yi hattara da manhajojin da ke cewa a biya kuɗi za su koya maka harshe cikin mako biyu har su samo maka biza. Fatawa kuma a wurin malamai ake neman ta. Ka iya motsa Larabcinka da na'urar, amma karatun Alƙur'ani daga baki zuwa baki ake karɓar sa, gaban malami mai jin inda harafi ya fito, haka aka yi tun farko kuma haka tsangayunmu suke yi. Magani ma haka, ka koyi yadda za ka yi wa likita bayani, amma likitan ne zai rubuta. Ku kuma ƴan lakkol, wanda ya sa ta rubuta masa aikin gida ya miƙa wa mushe, kansa ya cuta, don ranar jarrabawa daga shi sai alƙalami.

Babban abin da nake tsoro shi ne ku saba da ita har ku manta dalilin da ya sa kuka fara. Ɗan kokawa yakan yi gwaji da ƙannensa a kan yashi, amma ba a ba da takobin gasa a bayan gida, sai an shiga fili an kama wanda ke son kayar da kai. Na'urar ba ta katse ka, ba ta fushi, ba ta sauri don layi ya yi tsawo a bayanka. Mutum yana yin duk waɗannan. Saboda haka duk abin da ka gwada da dare, nemi wanda za ka gwada shi a kansa da rana: mushen garinku, ma'aikaciyar asibiti, ɗan kwalejin da ya zo hutu, baƙon da ya sauka a kasuwa. Za a yi maka dariya wata rana, babu makawa. Ka bari a yi, ka sake faɗa daidai, ka wuce.

Ba kowa ke da babbar waya ba, kuma rezo a ƙauyukanmu yau akwai gobe babu. Wannan ma yana da mafita, kuma mafitar ta fi zaman kaɗaici amfani. Kuna da fada, kuna zaman shayi kowane dare. Ku aje waya ɗaya a tsakiya, ku haɗa kuɗin mega, mutum ɗaya ya yi hira da ita saura suna ji, a zagaya. In an zuba shayi na biyu a kashe wayar, ku ci gaba da wannan hirar a tsakaninku da harshen da kuke koyo, da sharaɗin babu mai yi wa wani dariya. Ranar da rezo ya ɗauke, kayenku yana nan.

Ƴaƴana mata, ku ne kuka fi zama a raina. Da yawanku an cire ku daga lakkol kuna tsakiyar fahimta, kuma ku ne ke ɗaukar yara zuwa asibitin Magariya, ku ake miƙa wa takardar magani da ba ku iya karantawa. Abin da kuka koya bai mutu ba, kwanciya ya yi. Ina roƙon mazajenku da iyayenku su ba ku aron waya da saninsu, ku zauna ku biyu ko uku a tsakar gida ku tayar da shi. Uwar da ta iya duba kayen ɗanta ta tambaye shi abin da aka yi yau a aji, ɗan nan ba zai yi saurin barin makaranta ba.

Hausarku kuma ku riƙe ta da kyau, ku koyi rubuta ta daidai da ƙa'idarta. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma abin da na gani da idona a aji shi ne yaron da ya iya karatu da harshen uwarsa ya fi saurin kama na biyu. In na'urar ta yi muku karkatacciyar Hausa kada ku ɗauka ita ce daidai don ta fito daga waya, ku kuka fi ta sani.

Ƴan'uwana dattawa, in kun ji yaro a zaure yana magana shi kaɗai da baƙon harshe, kada ku tsawata masa kafin ku tambaya, ku zauna ku ji abin da yake koyo. Malaman da ke bakin aiki, ku nuna wa ɗalibai yadda za su yi tambaya da yadda za su gane kuskurenta, ku kuma ware lokaci a aji da yara za su yi magana ku kuna saurare. Ku kuma samari, wanda Allah ya hore wa waya a cikinku kada ya yi rowa da ita, ya kawo ta fada yau da dare ku fara da gaisuwa da cinikin kasuwa. Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku ƙofofin arziki na halal.